Ƙwallayen da Ban Gani Ba

Litinin, ƙarfe 4:20 na yamma

Yau ya dawo daga atisaye bai cire takalmi a bakin ƙofa ba. Shekara uku da aurenmu ban taɓa ganin haka ba. Ya tako min leda da ƙasar fili, ya tsaya a tsakiyar ɗaki da jaka a kafaɗa yana dariya shi kaɗai.

Na ce, "Lafiya dai? Ko ƙwallo ce ta same ka a ka?"

Ya ce, "'Yar littafi, ajiye littafin nan ki ji labarin da ya fi shi."

Kocinsu ne ya ja shi gefe. Wai mai horar da masu tsaron ragar ƙasa ya bugo waya. Gola uku za a ɗauka. Biyu an riga an san su, masu wasa a ƙasashen waje ne. Gurbi na uku ne a buɗe, kuma an ambaci Katanga. Haka 'yan kallo ke kiran mijina, ni ma wani lokaci haka nake kiransa a zuciyata. Mutumin ba zai zo ya gani da idonsa ba, wai hanyar ta yi nisa. Bidiyo yake so, na minti uku, na ƙwallayen da ya kama a bana. Juma'ar mako mai zuwa ce ranar ƙarshe. Wasannin kulob ɗinsu kuwa ba a nuna su a talabijin, ba mai zuwa da kyamara.

"Koci ya dafe kai, wai ina za mu samo bidiyo. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, matata ba wasan gida da ba ta ɗauka ba. Sha huɗu cif, suna cikin wayarta."

Shekararsa talatin da biyu. Wasa sha ɗaya a bana ba a zura masa ko ɗaya ba. Ya taɓa ce min idan wannan karon ya wuce shi, na gaba na matasa ne.

Ya dube ni irin duban da ake yi wa mace a shafin ƙarshe na littafin soyayya. Na yi murmushi. Na tashi na ɗora ruwa.

Talata, ƙarfe 9:05 na safe

Na buɗe wayar. Na rufe.

Talata, ƙarfe 2:40 na rana

Na kalli bidiyo uku har ƙarshe. Ban taɓa yi ba. Kullum farkon nake kallo in tsaya inda ya yi kyau, shi kuma ba ya kallon kansa, wai yana ɓata masa wasa.

Farkon ba laifi. Ga shi yana fitowa, ga shi yana taɓa sandar dama sannan ta hagu, yana zuba wa safar hannu ruwa yana murzawa. Ga shi yana daka wa masu tsaron baya tsawa, jijiyar wuya a tashe. Wannan kam na iya. Ba wanda ya kai ni ɗaukar mijina yana tsaye.

Sai mutane su fara miƙewa. Sai hoton ya girgiza, ya faɗo ƙasa. Zanena. Takalmina. Ɓawon gyaɗa a kan siminti. Da muryata, kada ta shiga, kada ta shiga. Sai ihu, Katanga, Katanga! Sai hoton ya ɗago, ga shi yana kakkaɓe gwiwa da ƙwallo a hammata.

Na san ina rufe ido. Abin da ban sani ba, ashe hannun ma bin idon yake yi.

Saura sha ɗaya. Ba mamaki a samu a cikinsu.

Laraba, ƙarfe 11:30 na safe

Yayarsa ta zo tun ban gama shara ba, tana jan akwati mai taya. Aro ta yi masa wurin maƙwabciyarta.

"Amarya, ina zan ajiye? Kada ƙanena ya je sansanin ƙasa da jakar nan tasa mai warin takalmi."

Na ce, "Yaya, ai ba a kira shi ba tukuna."

"Za a kira. Ke dai ki fara koyon tafiyar matan manya, ki daina wannan sauri kamar an aike ki."

Ta zauna ta ba ni labarin da na ji ya fi sau ashirin: yadda ta ɗinka masa safar hannu ta farko da yadin labule, ta cusa soso a ciki, ya tsare raga da ita har ta yage. Yau ta ƙara wani abu da ba ta taɓa faɗa ba. Wai shekara shida da suka wuce ma an ambaci sunansa, ya aske kai, ya wanke kaya, ya zauna kusa da rediyo. Da aka karanta sunayen sai ya tashi ya tafi fili, ya yi ta faɗuwa a ƙasa shi kaɗai ba ƙwallo ba kowa.

"Wancan karon ba su san shi ba ne," in ji ta. "Yanzu za su gani da idonsu. Allah ya yi miki albarka da wayar nan taki."

Akwatin yana nan jikin gado. Ja ne.

Alhamis, ƙarfe 1:15 na rana

Na kai wayar wurin mai gyaran waya na bakin titi. Shi ke haɗa wa mutane bidiyo a kwamfuta. Shagon bai fi faɗin tabarma biyu ba: akwatin gilashi, kwali cike da matattun wayoyi, fanka mai kaɗa kai kamar tana ƙin magana. Ya kashe rediyo don girmamawa.

"Matar gola da kanta! Kawo mu gani, yau za mu tura maigida ƙasar waje."

A na farko ya yi dariya. A na biyu ya yi har da buga tebur. "Hajiya, wannan zane naki ya fi maigida fitowa. Shi za mu tura musu?" A na biyar ya daina dariya. Ya riƙa jan hoton gaba da yatsa, yana komawa baya, yana sake ja. Ni ina kallon fanka.

Da ya gama na sha huɗu ya cire tabarau.

"Daƙiƙa huɗu na samu. Ƙafarsa ce a sama, rabin ƙwallo a gefe."

Na ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan." Ya rage murya. "Akwai wata dabara. Ina da bidiyon wasu gololi daga nesa, masu koriyar riga irin tasa. Daga nesa duk gola ɗaya ne."

Na ce a'a tun bai rufe baki ba. Mijina yana faɗuwa ta hagu da gwiwa a lanƙwashe, duk wanda ya san shi ya sani. Haka dai na ji ana faɗa.

Sai ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko roba, irin ta tayar keke, da ɗan katako mai tsagi.

"Lahadi akwai wasa, ko? Ki ɗaure wayar a jikin ƙarfen gaban kujerarki, ki saita ta a raga, ki cire hannunki. Ke ki rufe ido yadda kike so. Waya ba ta da miji a fili."

Na dawo gida kamar an sauke min dutse. A littafi, nan ne ake cewa sai ga haske.

Juma'a, ƙarfe 10:00 na safe

Shafi ɗaya nake karantawa tun jiya. Yarinyar tana bakin taga tana jiran wasiƙa. Har yanzu tana bakin taga.

Asabar, ƙarfe 5:45 na yamma

Yana wanke safar hannunsa a roba, yatsa ɗaya bayan ɗaya, da ruwan ɗumi ba sabulu. Ba ya shanya ta a rana, wai tana bushe mata fuska. A ƙarƙashin gado take kwana kan tawul.

Ya ce, "Ya aikinmu?"

Na ce, "Ana haɗawa."

"Ki tabbata an saka ta wasan ruwan sama. Wadda na ture da yatsa biyu. Kin tuna ta?"

Na tuna ruwan. Na tuna rigarsa ta manne masa a baya. Na tuna matar da ke kusa da ni ta rungume ni ban san ta ba.

Na ce, "Wa zai manta?"

Na tashi na ɗora ruwa.

Lahadi, ƙarfe 6:30 na yamma

Na ɗaura. Roba ta kama, katako ya zauna, raga ta fito cif a tsakiyar hoto, shi a tsakiyarta. Na harɗe hannuwana a ƙirji, na ce to bismilla, ku buga duk yadda kuke so.

Ba su buga ba.

Uku da nema muka ci su. Ƙwallo ta tare a gidan abokan karawa kamar an biya mata haya a can. Minti casa'in mijina yana tsaye. Ya yi tafiya zuwa bakin layi ya dawo, ya yi tsalle don kada jiki ya yi sanyi, ya sha ruwa. Wani a bayana ya ɗaga murya, "A kai wa Katanga kujera da jarida!" Filin ya kwashe da dariya. Sau ɗaya aka ɗago wata daga kusurwa, sanyi-sanyi, ya cafe ta kamar an miƙo masa jariri.

Ni kaɗai ce a ɓangarenmu nake roƙon a kawo mana hari. Allah ya yafe min, har na ji haushin mai tsaron bayan nan dogo da ya riƙa tare komai.

Da aka tashi ya ɗaga min hannu yana murna. Sha biyu ke nan ba a ci shi ba.

Litinin, ƙarfe 8:10 na safe

Na faɗa masa. Yana ɗaure igiyar takalmi, na tsaya a bayansa don kada in ga fuskar.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na samu abin riƙewa. Ya ce, "Ko ɗaya?" Na ce daƙiƙa huɗu. Ya ƙarasa ɗaurin. Ya kwance. Ya sake ɗaurewa.

Ya faɗi wata magana a bakin ƙofa. Ba zan rubuta ta ba. Ba zagi ba ce, kuma gaskiya ce.

Ya bar shayinsa.

Talata, ƙarfe 12:00 na rana

Ya ci abinci. Ya ce an gode. Bai taɓa ce min an gode a kan abinci ba.

Talata, ƙarfe 4:50 na yamma

A littattafan da nake karantawa, idan mace ta yi laifi laifin yana da girma, ana iya yin kuka a kansa shafi goma. Ba a taɓa rubuta wadda ta kashe wa mijinta hanya da fatar ido ba.

Na mayar da akwatin bayan ƙofa. Har yanzu ana ganin tayarsa.

Laraba, ƙarfe 5:20 na yamma

Ya dawo, ya yi wanka, ya zauna a bakin gado ya miƙo hannu.

"Ba ni in ga zanen nan da ya fi ni suna."

Ashe ya biya ta shagon mai gyaran waya. Na ba shi, na zauna can ƙarshen gado. Ya kunna na farko. Hoton ya faɗi, muryata ta fara. Na so ƙasa ta tsage.

Sai na ga ya karkata kai yana saurare.

"Wannan bugun tazara ne. Kin ji shirun nan? Ana jera mutane. Ta saman kansu ta biyo, na ture ta waje." Ya matsa gaba. "Wannan ni da ɗan wasa ne, ido da ido. Ji yadda suka ja numfashi. Da ƙafa na tare ta." Ya matsa. Ƙarar ruwa a kan kwano. Ya ɗaga yatsa biyu kawai.

Haka muka yi har sha huɗu. Ni ina kallon takalmina a waya, shi yana gaya min abin da ya faru a samansu. Ban san lokacin da na matso ba.

Can ya ce, "Kin san wani abu, 'yar littafi? Duk ƙwallon da na kama, kafin in tashi wurinki nake fara dubawa. Kullum sai in ga kanki a sunkuye. Na ɗauka wayar kike dubawa, ko ta ɗauku."

Na ce, "Tsoro nake ji."

"Na me? In ta shiga ai ciro ta ake yi."

"Ba ƙwallon ba."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce a ɗumama masa shayin ranar Litinin idan yana nan. Na jefe shi da matashi.

Alhamis, ƙarfe 3:00 na rana

Mai gyaran waya ya rufe shago ya bi su atisaye. Koci ya jera mutum biyar suna ta dukan raga, shi yana ta faɗuwa yana tashi. An ɗauka. Amma Koci ya ce kowa ya san bambancin atisaye da wasa, a atisaye ba wanda zuciyarsa ke bugawa. Ya tambayi 'yan kallo ma, an samo bidiyo guda biyu daga can saman fili, mutum kamar ƙwayar shinkafa.

Duka-duka minti ɗaya da daƙiƙa hamsin. Ƙafarsa a sama ce ta buɗe bidiyon.

Juma'a, ƙarfe 11:40 na safe

Koci ya tura. Ya ce Laraba za a fitar da sunaye.

Lahadi, ƙarfe 4:00 na yamma

Sun tafi wasan waje. Gidan ya yi faɗi. Na kwanta ina tsara yadda za a yi: waya za ta yi ƙara yana cikin wanka, ni zan ɗauka, wata murya mai nauyi za ta ce, gidan Katanga ne? Zan ce e, ranka ya daɗe. Na gwada faɗin ta sau uku a gaban madubi. Na biyun ya fi fita.

Na ga kaina a babban fili, an jera su ana taken ƙasa, shi na uku daga hagu, hannu a ƙirji. Ko a benci ne. Ko bai taɓa ƙwallo ba. Rigar dai, da sunansa na gaskiya a baya.

Talata, ƙarfe 9:30 na safe

Ya aske kai.

Laraba, ƙarfe 2:10 na rana

Yaya ta zo da lemo a leda. Mu uku a ɗaki, rediyo a kan tebur. An fara da masu tsaron raga, kullum da su ake farawa, ba a ma bar mutum ya gyara zama ba.

Na farko. Na biyu.

Na ukun yaro ne mai shekara ashirin da ɗaya, yana wani kulob a waje. Yaya ta ce, "Wa? Wannan da ko wasa ɗaya bai buga ba bana? Benci fa yake ɗumamawa!" Ta ci gaba da faɗa da rediyo har aka kai 'yan gaba.

Shi ya ce, "Yaron yana da tsawo. Zai yi kyau nan gaba."

Ya ɗauki jakarsa. Na ce ina za ka, ya ce fili. Yaya ta dube ni, na dube ta. Ba wanda ya sha lemon.

Da za ta tafi ta ja akwatin da kanta. Ina jin ƙarar tayarsa har kwanar layi.

Alhamis, ƙarfe 10:15 na safe

Ban ɗora komai ba.

Juma'a, ƙarfe 5:00 na yamma

Koci ya zo gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya ƙi zama. Ya ce, "Uwargida, zo ki ga wani abu, don na ji an ce kina ta dafa kanki." Ya nuna min wayarsa. Saƙon da ya tura ranar Juma'a yana nan, bidiyon yana nan. Alamar da ke nuna an buɗe ba ta canza ba.

"Ko minti uku ne, ko awa uku," in ji shi, "ba a taɓa shi ba. Na buga wa mutumin waya sau shida, bai ɗauka ba. Ƙila sun riga sun gama tun kafin su tambaya, ƙila wani ne ya yi magana, ni dai ban sani ba. Haka muke, mu na gida."

Ya yi nufin ya sauke min nauyi ne. Na gode masa. Amma tun da ya tafi nake juya abin. Da laifina ne, da aƙalla akwai ƙofa, ni na rufe ta. Yanzu ban san ko an taɓa yin ƙofar ba.

Shi yana tsakar gida yana wanke safar hannu. Yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, ƙarfe 7:50 na safe

Na ce, "Gobe zan zo."

Ya ce, "Ba dole. Ba wanda ya nemi bidiyo."

Na ce, "Na sani."

Lahadi, ƙarfe 6:40 na yamma

Na ɗaura wayar da roba, don mai gyaran waya ya ce a riƙa tarawa, ba a san ranar da wani zai buɗe saƙo ba. Daga nan ban ƙara bi ta kanta ba.

Ɗaya da nema muke ci. Saura minti shida, dogon nan ya kwashe wa wani ƙafa a cikin da'ira. Alƙalin wasa ya nuna fenariti. Filin ya yi tsit, irin shirun da ya koya min ranar Laraba.

Kaina ya fara sunkuyawa da kansa. Na kama ƙarfen gabana da hannu biyu har ya yi min zane a tafi. Na ce wa idona, yau ko za ku zubo sai dai ku zubo a buɗe.

Ya taɓa sandar dama, ya taɓa ta hagu. Ya buɗe hannuwa. Ban taɓa sanin ragar tana da faɗi haka ba, ban taɓa sanin shi ƙarami ne a cikinta ba. Mutumin ya taho. Ya buga.

Ta hagu ya faɗi. Gaskiya ne, gwiwar a lanƙwashe take. Ya miƙe a iska tsawonsa duka, kamar ba shi da nauyi, kamar ba shi ne mai yin minshari a ɗakina ba. Na ji ƙarar ƙwallon a tafinsa tun daga inda nake. Sannan ya sauko a kan kafaɗa, da ƙarfi, ƙura ta tashi. Na ga bakinsa ya buɗe don zafi. Kafaɗar da nake gasa masa duk ranar Litinin ba tare da na taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Ya janyo ƙwallon ƙirjinsa ya dunƙule a kanta. Mutane suna ta Katanga, Katanga, wani yana dukan kujera, wata tana girgiza ni.

Kafin ya tashi, ya ɗago kai ya dubi wurina.

Ina nan. Hawaye sun hana ni ganin fuskarsa sosai, amma ban ƙifta ba.

Ya daɗe a ƙasa yana kallona, har alƙalin wasa ya zo ya tambaye shi ko ya ji ciwo ne.